Shayin Taki ga Shukar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu shuka tumatir, barkono, ganyaye da furanni a tukwane ko a ɗan filin bayan ɗaki, waɗanda suka ji labarin shayin taki suke son gwadawa. Duk awon da aka bayar a nan na bokiti mai cin lita 20 ne.

Mene ne shayin taki?

Ruwa ne da aka tsoma ruɓaɓɓen taki a ciki, aka yi ta hura masa iska na kwana ɗaya zuwa kwana ɗaya da rabi, domin ƙananan halittun da ke manne da takin su saki, su shiga ruwan, su hayayyafa. An kira shi shayi saboda yadda ake ƙulle takin a jaka a tsoma, da kuma launin ruwan idan ya kammala. Ba dafa shi ake yi ba, wuta ba ta kusantarsa.

Halittun da ake kiwo a bokitin su ne bakteriya, zaren funfuna, da furotozowa, wasu ƙananan halittu masu cin bakteriya. Amfanin na ƙarshen shi ne idan sun ci bakteriya sukan fitar da naitirojin ɗin da ya yi musu yawa a siffar amoniyam, wanda saiwa ke sha kai tsaye. Masaniyar halittun ƙasa 'yar Amurka, Elaine Ingham, ita ta fi kowa yayata wannan hanya ta hura iska tun daga shekarun 1990.

Akwai tsohuwar hanya wadda ba ta buƙatar famfon hura iska: kaso ɗaya na taki, kaso biyar zuwa goma na ruwa, a bar shi mako ɗaya zuwa biyu ana motsawa kullum. Masanin cututtukan shuka Heinrich Weltzien ya yi bincike a kan irin wannan a Jami'ar Bonn da ke Jamus a shekarun 1980. Tana aiki, amma mafi yawan amsoshin da ke ƙasa sun shafi mai iska ne.

Idan ina ba shuka shayin, sai in daina sa mata taki?

A'a. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren farko. Kofi biyu na taki a cikin lita 17 na ruwa ba abinci ba ne da zai riƙe tumatir mai 'ya'ya. Abin da shayin ke kai wa ƙasa ma'aikata ne, su kuma sai sun tarar da abin da za su sarrafa. Ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen ganye ko taki, ko da an yi mata wanka da shayi kullum, halittun za su mutu cikin 'yan kwanaki don yunwa.

Saboda haka a fara gyara ƙasar tukunyar: kaso ɗaya cikin huɗu ko biyar ya zama ruɓaɓɓen taki, a rufe samanta da busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsa biyu. Shukar da tsofaffin ganyenta na ƙasa suka koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya yunwar naitirojin take ji, kuma taki take nema, ba shayi ba.

Wane kaya nake buƙata?

Bokitin roba mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar fenti, fetur ko maganin feshi ba. Famfon iska, tiyo, da dutsen kumfa biyu ko uku irin na tankin kifi. Jakar raga ta zuba takin, wadda ramukanta suka kai kamar maikiron 400, wato ƙasa kaɗan da rabin milimita: idan sun fi haka ƙanƙanta zaren funfuna ba zai fita ba, idan sun fi haka faɗi laka za ta cika ruwan. Sai igiya da sandar da za a gitta a bakin bokitin a rataye jakar.

Famfon shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. Ƙaramin famfon tankin kifi mai hura lita 2 ko 3 a minti ya yi kaɗan. Nemi mai hura lita 10 a minti ko fiye. Alamar ido ita ce saman ruwan ya riƙa tashi yana juyawa kamar tukunya na tafasa. Idan 'yan ƙananan kumfa ne kawai ke tasowa a layi ɗaya, iskar ba ta isa ba. A ɗora famfon a kan wani abu da ya fi bakin bokitin tsawo, domin idan ya tsaya ruwa kan biyo tiyo ya koma cikinsa ya lalata shi.

Wane irin taki ya dace?

Wanda ya gama ruɓewa sarai: baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, yana marmashewa a hannu, ba a iya gane asalin abin da aka zuba, kuma yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Kashin tana, wato takin da tana ta ci ta fitar, shi ne ya fi sauƙin amincewa da shi. Ya kasance da ɗanshi. Takin da ya bushe ƙayau a buhu wata da watanni, yawancin halittunsa sun mutu ko sun kwanta, sai a yayyafa masa ruwa a bar shi a inuwa kwana uku kafin a yi aiki da shi.

Bokitin ba ya ƙirƙirar komai, abin da ke cikin takin yake ninkawa, mai kyau da maras kyau. Shi ya sa ɗanyen kashin dabba ko na kaji ba ya shiga. Dokar noma marar sinadari ta Amurka ta shar'anta cewa takin da ke da kashin dabba sai zafinsa ya kai digiri 55 na Selsiyos ya tsaya a haka kwana 3 idan a rufe yake ana hura masa iska, ko kwana 15 ana juya shi sau biyar idan tsibi ne a fili. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella.

Gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, ɗebi taki mai ɗanshi cikin hannu ɗaya, ka ƙulle a leda kwana uku, ka buɗe ka shinshina: tsami ko warin fitsari na nufin bai nuna ba. Na biyu ya shafi takin da ya fito daga dabbobin da suka ci ciyawar da aka fesa wa maganin ciyawa irin su aminopyralid, wanda ba ya mutuwa ko da takin ya ruɓe. Shuka wake a cikinsa, ka shuka wani a ƙasa mai tsabta. Bayan mako uku, idan sababbin ganyen na cikin takin sun nannaɗe kamar cokali, kada ya kusanci tumatir ɗinka, balle bokiti.

Ruwan famfo zai yi?

Zai yi idan an cire masa kulorin, tunda an sa shi ne musamman don kashe irin halittun da kake son kiwo. Kulorin zalla yana fita idan aka kunna famfon iska a cikin ruwan awa ɗaya zuwa biyu kafin a sa taki, ko a bar bokitin a buɗe ya kwana. Amma wasu hukumomin ruwa suna amfani da kuloramin, wato haɗin kulorin da amoniya, wanda ba ya tashi da iska. Maganinsa bitamin C ne: miligiram 250, wato rubu'in ƙwaya mai miligiram 1000, a daka a zuba, ya ishi bokitin. Ruwan sama da na rijiya ba su da wannan matsala.

Yaya ake haɗawa, mataki-mataki?

Zuba ruwa lita 16 zuwa 17, ka bar sarari don kumfa. Jera duwatsun kumfa a ƙasan bokitin, ɗaya a tsakiya, sauran a gefe, domin kada a sami lungun da ruwa ke kwance. Kunna famfo, ka cire kulorin kamar yadda aka yi bayani a sama.

Zuba kofi biyu na taki, kimanin rabin lita, a cikin jakar. Kada ka danna shi, ya zama sako-sako. Tsoma jakar ka murtsuke ta da hannu na minti biyu, har ruwan ya yi duhu. Wannan murtsukar ce ke ɓamɓaro halittun daga jikin takin, kuma mutane da yawa suna tsallake ta. Rataye jakar a tsakiyar ruwa daidai saman dutsen kumfa, kada ta zauna a ƙasa.

Idan za ka sa wa halittun abinci, narkar da babban cokali ɗaya na molasis, wato baƙin ruwan rake, a kofin ruwa mai ɗumi ka zuba. Karanta amsar da ke biye kafin ka yanke shawara. Rufe bokitin da tsumma, ka ajiye a inuwa, famfo na aiki ba tsayawa har awa 24 zuwa 36.

Dole ne a sa molasis? Wasu suna cewa da haɗari.

Ba dole ba ne, kuma masu cewa da haɗari suna da hujja. Molasis shi ne baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an cire sukari. Bakteriya suna son sa, sukan ninku cikin sauri idan sun same shi. Matsalar ita ce sukari ba ya zaɓen wanda zai ciyar. Binciken da David Ingram da Patricia Millner na Ma'aikatar Noma ta Amurka suka wallafa a 2007 ya nuna cewa irin waɗannan abubuwan ƙari suna sa E. coli da Salmonella su hayayyafa a cikin shayin, har da wanda ake hura wa iska. Wato maganar da ake yawan ji cewa iska kaɗai na hana ƙwayoyin cuta ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Tun a 2004 kwamitin da hukumar noma marar sinadari ta Amurka ta kafa kan shayin taki ya ba da shawarar cewa shayin da aka sa wa ƙari, idan ba a gwada shi a ɗakin bincike ba, a ɗauke shi kamar ɗanyen kashin dabba: a bar kwana 90 tsakanin zubawa da girbi, ko kwana 120 idan abin da za a ci yana taɓa ƙasa. Ga mai latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye, wannan ya rufe maganar, a yi shayin ba molasis. Ga furanni da shukar ado, ko tumatir da ake zuba wa a gindi tun yana ƙarami, cokali ɗaya ba laifi.

Haɗari na biyu na iska ne. Mai zuba rabin kofi yana ganin ya kyauta, alhali bakteriyan za su yi yawan da famfon ba zai iya ciyar da su da iska ba, cikin awa goma ruwan ya juya. Idan za a saya, a duba wanda aka rubuta ba a sa masa salfa ba.

Zafin gari yana canza lokacin?

Sosai. Shayi ya fi yin kyau idan ruwan yana tsakanin digiri 18 da 24. Abin da ake kiyayewa shi ne kada oksijin ɗin da ke narke a ruwan ya sauka ƙasa da miligiram 6 a lita. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 kawai, kuma a daidai lokacin da ruwan ya rage ɗaukar iska ne halittun suke ƙara saurin cinye ta. Tazarar ta ƙuntata ke nan ta ɓangare biyu.

Saboda haka a lokacin zafi a rage molasis zuwa rabi ko a bar shi, a tsaya a awa 18 zuwa 24, a fara haɗin da yamma, a naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu. A lokacin sanyi, ƙasa da digiri 15, ana iya kaiwa awa 48. Wuce haka ba ƙari ba ne: abincin ya ƙare, nau'o'in halittun suna raguwa, 'yan kaɗan ne ke mamaye sauran.

Yaya zan gane ya yi? Nawa bai yi kumfa ba.

Bar maganar kumfa. Furotin da wasu sinadaran da ke cikin kayan haɗin ne ke kawo ta; ana samun shayi mai kyau ba kumfa, ana samun lalatacce mai kumfa har tana zuba. Hanci ya fi ido a nan. Shayi mai kyau yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙamshin da ke fitowa daga sinadarin jiyosmin wanda bakteriyan Streptomyces ke yi. Idan an sa molasis, zaƙi-zaƙin ƙamshinsa ya kamata ya ɓace, alamar an cinye shi.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai, na amai, na kwata, ko tsami mai kama da ruwan khal, duk suna nufin iska ta gaza. Wanda ke da madubin ƙara girma mai ninki 400 zai ga ƙarin bayani a ɗigo ɗaya: bakteriya kamar ƙura suna rawa, zaren funfuna a miƙe, ƙananan furotozowa masu bulala suna tuntuɓe. Idan manyan masu gashi-gashi a jiki, masu gudu kamar an kore su, suka cika filin, oksijin ya yi ƙasa a wani lokaci.

Famfo ya tsaya da dare, ko shayin ya yi wari. In zubar?

Tsayawar awa ɗaya a farkon haɗi ba komai, a kunna a ci gaba. Tsayawar awa huɗu ko fiye bayan halittun sun yi yawa, musamman idan da molasis, yawanci ta kashe shi. Sake kunna famfo zai iya rage warin amma ba zai janye barasa da asid ɗin da suka riga suka taru ba, su ne ke ƙona ƙananan saiwoyi. A juye shi a kan tsibin taki, a wanke kaya, a sake. Wanda wutarsa ba ta da tabbas ya duba amsar da ke kan hanyar da ba ta buƙatar famfo a ƙasa.

Nawa ake zubawa, kuma sau nawa?

A yi amfani da shi cikin awa huɗu bayan kashe famfo. Idan ƙasar ta bushe, fara jiƙa ta da ruwa zalla, sannan ka zuba shayin a gindi a hankali. Tukunya mai lita 20 tana ɗaukar lita ɗaya zuwa biyu. Shayi mai kyau ba ya ƙona shuka ko ba a sirka ba, amma ana sirka shi kaso ɗaya da ruwa kaso uku ko huɗu don ya ishi tukwane da yawa. Ga ƙananan dashe, ɗaya cikin goma. Ruwan sirkin ma ya zama marar kulorin, in ba haka ba an yi aikin baban giwa.

Lokacin da ya fi amfani shi ne ranar dashe da makonnin da shuka ke yin ganye, sau ɗaya a mako biyu ko uku. Shayin ya zama a madadin ban ruwan ranar, ba ƙari a kansa ba. Takin da ya rage a jaka a baza shi a gindin shuka a rufe da ciyawa.

Feshi a ganye yana maganin cuta da gaske?

Wani lokaci, ga wasu cututtuka. Masu bincike Steven Scheuerell da Walter Mahaffee sun nuna a 2004 cewa shayi mai iska ya rage cutar da ke kayar da ƙananan kokwamba daga gindi, wadda ƙwayar cutar Pythium ke haddasawa, amma wannan zubawa ne a ƙasar tukunya. A kan ganye, gwaje-gwaje sun saɓa wa juna: wani ya ga raguwar farin ƙurar da ke hawa ganye, wani bai ga komai ba, domin babu bokiti biyu da ke fitar da shayi iri ɗaya. Linda Chalker-Scott ta Jami'ar Jihar Washington tana cikin waɗanda suka daɗe suna sukar yadda ake zuzuta shi, kuma ra'ayinta cewa shimfiɗa takin kansa a ƙasa ya fi tabbas yana da nauyi. Ko a inda ya yi aiki, rigakafi ne. Ganyen da cuta ta riga ta cinye sai a tsinke shi.

Mai son gwadawa ya tace shayin sau biyu don kada ya toshe bakin injin feshi, ya yi da sassafe ko bayan la'asar, ya jiƙa bayan ganye da gabansa. Injin da ya taɓa ɗaukar maganin funfuna ko mai jan ƙarfe ba zai yi ba. Da zarar fure ya fito a daina feshi: ruwa da ke kwana a cikin cunkushen fure shi ke kiran ruɓewar toka-toka. Game da ganyen da ake ci ɗanye, koma amsar molasis.

Na ji ana cewa akwai shayin bakteriya da na funfuna. Wanne zan yi?

Shukar shekara ɗaya kamar tumatir da barkono tana jin daɗin wanda ke da duka biyun, bishiyoyi kuma sun fi son mai funfuna. Bakteriya suna ninkuwa cikin awanni, funfuna kuwa ba ya yin yawa sosai a cikin ruwa, sai dai a shigar da shi da yawa tun farko. Dabarar ita ce a gauraya kofi biyu na taki mai ɗanshi da babban cokali biyu na garin ots, wani hatsi mai kama da alkama, a rufe da tsumma a wuri mai ɗumi da duhu kwana uku zuwa huɗu. Idan ka buɗe za ka tarar farin zare kamar auduga ya lulluɓe shi, har takin ya haɗe ya zama dunƙule. Shi za ka sa a jaka, ba molasis.

Garin maikoriza da ake sayarwa kada a ɓata shi a bokiti. Wannan funfuna ba ya tsiro sai a jikin saiwa mai rai, don haka a barbaɗa shi a ramin dashe.

Zan iya ajiye ragowar a jarka?

A'a. Da zarar an rufe jarka, halittun za su cinye iskar da ta rage cikin 'yan awanni, su koma abin da aka bayyana a amsar wari. Firji ma ba ya ceto shi. A haɗa daidai buƙata. Awon yana raguwa daidai wa daida, lita 8 da kofi ɗaya.

Ruwan da ke ɗiga daga ƙasan akwatin kiwon tana ba shayi ba ne?

Ba shi ba ne, duk da launinsu ɗaya. Wannan ruwa ya ratsa ta cikin ragowar abincin da bai gama ruɓewa ba, ya kwanta a ƙasan akwati ba iska. Idan ba ya wari, a sirka shi ɗaya cikin goma a ba furanni. Yawansa ma alama ce akwatin ya jiƙe fiye da kima, yana neman busasshen kwali.

Ba ni da famfon iska. Akwai hanya mafi sauƙi?

Akwai, kuma ga mai tukwane biyar ko goma ta ishe shi. Sa kofi huɗu na kashin tana a jaka, ka murtsuke a cikin bokitin ruwa marar kulorin na minti biyar, ka zuba nan take. Ba jira, ba molasis, ba fargabar ɗaukewar wuta. Halittun ba su ninku ba, shi ya sa aka ninka takin, amma ƙwayoyin cuta ma ba su sami damar ninkuwa ba.

Shukata ta yi yaushi bayan na zuba. Me ya faru?

Duba abubuwa huɗu bi da bi. Shin shayin yana wari lokacin da aka zuba? Shin ƙasar ta riga ta jiƙe aka ƙara mata, har saiwa ta rasa iska? Tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu. Idan ya fito da laka, kuma ƙananan baƙaƙen ƙudaje na tashi daga tukunyar, ruwa ne ya yi yawa. Shin bakin ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa? Wannan gishiri ne, daga takin dabba mai ƙarfi ko ruwan takin kifi da aka zuba da yawa. A kwarara ruwa zalla ninki biyu na girman tukunyar ya fita ta ƙasa. Idan kuwa sababbin ganye ne suka murɗe suka ƙanƙance, koma gwajin wake a amsar taki.

Me ya sa haɗin farko ya yi kyau, na uku da na huɗu suka yi wari, alhali ban canza komai ba?

Shafa yatsa a cikin bokitin. Santsin da za ka ji, wani siririn yauƙi mai ruwan ƙasa, gidan bakteriya ne, kuma ƙarƙashinsa iska ba ta shiga. Kowane sabon haɗi daga nan yake ɗaukar irin lalacewa. Ya fi taruwa a cikin tiyo, a kusurwar ƙasan bokiti, da cikin ramukan dutsen kumfa, inda yake rage ƙarfin iskar ba tare da an lura ba.

A wanke komai da zarar an juye shayin, tun bai bushe ba. Goge bokitin da soso, jiƙa tiyo da duwatsu a haidirojin feroksaid mai kaso 3 cikin ɗari na rabin awa, ko a ruwan bilic kaso ɗaya cikin goma, sannan a ɗauraye sosai a kunna famfo a cikin ruwa mai tsabta na minti goma don ya huro abin da ya maƙale. Juya jakar ciki waje, a wanke, a shanya a rana. Dutsen kumfa da ya yi baƙi ko kumfarsa ta koma fita ta gefe ɗaya kawai ya gama aiki, a canza shi. Wasu suna barin duwatsun gaba ɗaya, su lanƙwasa bututun roba ya zagaye ƙasan bokitin, su huda masa ramuka masu faɗin milimita ɗaya ko biyu a tazarar yatsa biyu. Yana ba da manyan kumfa masu juya ruwa, kuma ana iya zura masa buroshi.